Shekarar da Na Sa wa Zauren Kakanmu Rigar Siminti

Ni ne na kusa kashe zauren gidanmu na Sabon Zongo, kuma da kyakkyawar niyya na yi. Gara in faɗa tun da fari, domin 'yan uwana idan suna ba da labarin nan sukan ce "aka shafa siminti", don su rufa mini asiri, sai ka ce simintin da ƙafarsa ya tako ya hau bango. Ni na shafa shi da cokalin ginina, ina yi ina fito, ina jin babu kamata a duk faɗin Accra.

Kakanmu falke ne, mai fataucin goro. Daga ƙasar Kano ya taso, ya yi shekaru yana kai da komo ta Salaga, har ya gangaro bakin teku ya ce ya gaji. Da ya samu fili a unguwar, zaure ya fara ginawa tun kafin ɗakin kwana. Da tubali ya gina shi, irin wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, kaurin bangon ya kai kamu biyu. A ciki bakan gizo biyu sun gitta juna sun ɗauki rufin azara. Ruwan bakin teku ba irin na Kano ba ne, sau biyu yake zuwa a shekara, don haka tun yana raye ya ɗora wa soron hular kwano. Ni ban san shi ba, ya rasu kafin a haife ni.

A farkon shekarun sittin, zauruka irin namu ba su fi uku ba a layinmu. Maƙwabta sun rushe nasu sun yi shagunan bulo. Namu yana nan, ja, mai faɗin gindi, kusurwoyinsa duk sun zama zagayayyu saboda shafar hannu. Ko rana ta take tsaka, in ka shiga sai ka ji kamar ka sa kai cikin randa. Baba yana zama a kusurwar dama a kan buzunsa, abokansa suna zuwa bayan la'asar, a fasa goro, a yi ta gardama a kan abin da babu wanda ya gani da idonsa.

Abin da ke riƙe da ginin shi ne yaɓe. Kowace shekara kafin ruwan fari, Baba zai bi ɗaki-ɗaki yana kiran dangi da 'yan haya. A kawo jar ƙasa, a kwaɓa ta da kashin shanu da yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta tsima kwana biyar, a tattaka da ƙafa, sannan a bi bangon da hannu daga ƙasa har sama. In an gama a zauna a ci wake da shinkafa a babban faranti. Mutane suna son ranar, ni kuwa tun ina ɗan shekara goma sha biyar na tsane ta. Warin kwaɓin nan sai ya kwana uku a farcen mutum. Kullum da dalilina: bana ciwon ciki, baɗi maigidana na wurin koyon aiki ya kira ni. Akwai shekarar da na ce zan tafi jana'iza unguwar Nima, na je na wuni a gindin bishiya ina kallon masu dara.

Abin dariyar shi ne gini na koya. Na zama birkila, na yi aiki a gidajen Kokomlemle, na je har Tema lokacin da ake ta zuba gidaje kamar ba gobe. Na dawo da wandon kaki, da tef ɗin awo a aljihu, da fensir a bayan kunne wanda ko masallaci za ni ba na cire shi. A ganina a lokacin, duk abin da ba siminti ba ne, jiran rushewa yake yi.

Ina can ina kumbura kai, hannun yaɓe yana ta raguwa a gida. Samari sun bi aikin kamfani, 'yan hayar da suka san abin sun tashi. A shekarun ƙarshe daga Baba sai tsofaffin abokansa biyu, sai Mma. Mma tsohuwa ce daga wajen Navrongo a arewacin ƙasar, tana haya a ɗakin ƙarshe tun kafin in yi wayo, tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Kowa Mma yake ce mata, har Baba. Su huɗun nan suke bin bango, ƙasan kawai suke iya kaiwa da kyau, saman kuma sai abin da Allah ya yi. Wata rana muna cin abinci Baba ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Ranar da na kasa ɗaga hannu, damina biyu ta ishi ɗakin nan." Na ji shi sarai, na ci gaba da cin tuwona.

Sai ƙanwata ta gama koyon ɗinki a wurin wata mata 'yar ƙabilar Ga, ta fito da kekenta da 'yan koyo biyu, ba wurin ajiye su. Lokacin mata sun tashi haiƙan a kan ɗinkin kaba, wato rigar mata da ake yayi, kowace da irin wuyan da take so. Tana ɗinki a tsakar gida, kaji suna bi ta kan atamfar mutane. Nan na ga dama ta samu. Na sami Baba bayan abokansa sun watse, na durƙusa, na zana masa a ƙasa da ɗan tsinke.

Na ce, "Baba, a sauke zauren nan. Sati uku ya ishe ni in tayar da shago biyu na bulo. Ɗaya na ɗinki, ɗaya ka zauna a ciki, da taga da lantarki."

Ya dubi zanen ya daɗe, sannan ya sa tafin ƙafa ya share shi a hankali. Ya ce, "Ubana ne ya ɗora tubalin nan. Ba za a sauke shi ina kallo ba. In 'yar uwarka tana son wuri, ga shi nan, ta shigo da kekenta. Kusurwata kawai za ta bar mini."

Ƙanwata tana bayan ƙofa tana jinmu. Ta leƙo ta ce, "Baba, ai duhu ne da shi. Ko zare ba na iya sa wa allura a ciki."

Na yi wuf na ce, "To a bar ni in gyara shi. Ba zan rushe ba. In buɗe taga, in jawo wuta, in daɓe ƙasa, in shafe bangon da siminti ciki da waje. Daga nan an gama da yaɓe har abada."

Na zaci za a yi dogon ja. Baba ya juya goron da ke bakinsa, ya dube ni wani irin kallo da ban gane ba, ya ce, "Kai da kanka za ka yi?" Na ce ni da kaina. Ya ce, "To, bismilla."

Ba duk aikin ne ya ɓaci ba, wannan kam sai na faɗa don kada a cuce ni. Tagar da na buɗe ta gefen gabas har yau tana nan. Na sa katakon odum mai kauri a sama ya ɗauki nauyi kafin in fara huda, na yi ta cire tubali ɗaya-ɗaya kamar mai cire haƙori. Haske ya shigo ya faɗa kan bakan gizon, muka ga ashe akwai zane a jikinsa wanda hayaƙin fitila ya rufe shekara da shekaru. Na buɗe wata ƙaramar ƙofa ta lungu don mutanen gida su riƙa wucewa ba sai sun ratsa ta cikin masu awon riga ba. Mai aikin lantarki ya zo ya bi da waya ta jikin azara, ya rataya ƙwai ɗaya a tsakiya, ya sa wurin jona dutsen guga. Duk wannan lafiya lau.

Sai na zo kan siminti. Na san ba ya kama jikin ƙasa da kansa, don haka na yi dabara irin ta masana: na kafa ƙusoshi a bangon kamar ƙayar bushiya, na ɗaura wayar kejin kaji, sannan na watsa kwaɓi mai ƙarfi, ban yi rowar siminti ba ko kaɗan. Na goge shi sumul. Ƙasan ɗakin ma na zuba masa siminti har ya haɗe da bango, ko tururuwa ba ta da hanyar wucewa. Dakalin waje ma bai tsira ba.

Ina cikin shafar bangon waje Mma ta bar tukunyar kokonta ta zo ta tsaya a bayana, hannu a ƙugu. Hausarta irin ta Zongo ce, komai "shi" ne a wurinta, mace da namiji da tukunya.

Ta ce, "Ɗana birkila, wannan riga da kake sa mishi, ina zai yi numfashi?"

Na ce, "Mma, bango ne, ba jariri ba."

Ta ce, "Ƙasa yana shan ruwa, yana fitar da ruwa. A garinmu mu mata ne muke yin wannan aiki. In ka toshe shi, zai yi gumi a ciki, zai ruɓe koraa, gaba ɗaya."

Na yi dariya, na ce ta je ƙosanta zai ƙone. Har na ƙara da cewa a Tema injiniyoyi ne suke duba aikina. Ta ce, "Yoo," ta juya. Baba yana zaune a inuwa yana jinmu, bai ce uffan ba, ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin goyon baya.

Na shafa fenti shuɗi a waje, fari a ciki. Gaskiya ya yi kyau. Wata biyu na yi ina cin duniyata da tsinke. Mutane suna tsayawa a hanya suna kallo, wani mai gida daga Maamobi ya zo takanas ya ce in ya shirya ni zan yi masa nasa. Kekuna uku suna ta ƙara a ciki tun safe, mata suna shiga suna fita, Baba yana kusurwarsa ya zama alƙalin wuyan riga ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Abokansa da farko sun yi fushi, daga baya aka lura sun fara zuwa tun kafin la'asar. Ni kuwa in na taso daga aiki sai na bi ta gaban zauren sau biyu kafin in shiga gida.

Babbar damina ta sauka a watan Mayu, ta yi ta zuba har Yuni. Ƙanwata ce ta fara magana.

"Yaya, ɗakin nan yana wari."

Na ce warin sabon fenti ne. Bayan sati ta nuna mini farin leshin wata amarya da ta jingine da bango, duk ya yi ɗigo-ɗigon fumfuna. Na ce kwanon rufi ne ke yoyo, na hau na duba, ban ga ko huda ɗaya ba, amma na sauko na ce na toshe. Sannan fentin ciki ya fara kumbura daga ƙasa, wani farin gari kamar gishiri yana fitowa. Sanyin nan mai daɗi ya tafi, ya bar wani danshi mai nauyi da ke sa Baba tari. Wata safiya na faki idon mutane na ƙwanƙwasa bangon waje da bayan yatsa. Sai na ji ya amsa kamar ganga. Na sha jinin jikina, amma na sa fensir a kunne na tafi aiki.

A watan Yuli, da hantsi, ina gida ranar, muka ji wani ƙara kamar an yar da tire. Muka fito a guje. Wani ɓangaren simintin waje, faɗinsa ya kai ƙyauren ɗaki, ya ɓalle ya faɗo kan dakali, ya haɗa da teburin Mma. Allah ya taimaka ta shiga ɗauko sukari. Koko ya malale har kwata.

Abin da ke bayan simintin shi ya fi muni. Gindin bangon ya jiƙe sharkaf, ya yi laushi kamar tuwon da ya kwana. Na sa yatsa, ya shige har ƙarshe. Ƙusoshina sun yi tsatsa sun farfasa tubalin da ke kewaye da su, gara kuma ta samu gida mai duhu da laima, ta yi hanyoyinta son ranta. Ruwan da ya taso daga ƙasa, da wanda ya shiga ta 'yan tsagogin sama, duk ya taru a ciki ya rasa mafita. Shekara hamsin ginin yana shan ruwa yana bushewa abinsa, ni na zo cikin wata biyar na kusa gamawa da shi.

Kafin azahar sai ga tankas, wato ma'aikacin duba tsafta da gine-gine, da hularsa mai baki da ɗan littafinsa. Mutum ne mai natsuwa, bai yi faɗa ba. Ya zaga, ya tsokana bangon da sandarsa, ya ce bango ne a bakin hanya, yara suna wucewa. Ya sa jan alli ya yi alama a jikin shuɗin fentina. Ya ce zai dawo kafin ƙaramar damina ta Satumba, in ya tarar bangon bai tsaya da ƙafarsa ba, dole a sauke zauren gaba ɗaya.

Da ya tafi Baba ya je ya tsaya gaban jan allin nan. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya sa hannu ya ɗebo ƙasar da ta zubo, ya murza ta a tafinsa, ya daɗe yana kallo. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na san a bakin unguwa me za a ce: yaron da ya so a rushe, an hana shi, ya bi ta bayan gida ya rushe.

Na wuni ina lissafin dabarun da na sani, babu ko ɗaya da ba siminti a ciki. Da yamma na cire fensir daga kunne na tafi ƙofar ɗakin Mma. Tana zaune tana gyaran wake. Na durƙusa na ba ta haƙurin tebur da koko. Ta bar ni na gama tsaf.

Ta ce, "Injiniya bai zo ba?"

Na ce, "Mma, ki yi mini rai."

Ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane. Sannan ta ce, "Gobe ka kawo guduma. Rigar da ka sa mishi, kai za ka tuɓe mishi. Kaɗan-kaɗan, kar ka buga shi da haushi."

Haka na koma lebura a ƙarƙashin mai koko. Da farko muka tokare azara da bakan gizo da gora da katako, aka kwashe kekuna zuwa tsakar gida. Na yi kwana shida ina ɓamɓare simintin da na yi alfahari da shi, ina zare ƙusoshi ɗaya-ɗaya, masu wucewa suna yi mini sannu da wata irin murya. Mai gidan nan na Maamobi ma ya zo wucewa, ya tsaya ya kalla, ya ce Allah ya kiyaye gaba, bai ƙara maganar nasa ba. Daɓen ciki Mma ta ce a bar shi, kekuna suna son wuri mai tauri, amma in fasa tafin hannu guda daga jikin bango duk kewaye, a cika da tsakuwa don ƙasa ta samu ta inda za ta sha iska. Sannan ta ce a bar bangon haka tsirara sati biyu. Agusta a Accra ba ruwa sosai, sai iska mai sanyi daga teku. Kullum da safe sai ta kara kuncinta a jikin bangon, ta ce, "Bai yi ba tukun."

Ni kuma aka aike ni neman kaya. Jar ƙasa daga wani rami a hanyar unguwar Malam, lokacin wajen duk daji ne. Kashin shanu daga rugar da ke kusa da wurin, ni da wandon kakina, da kwando a ka. Sai ɓawon ɗorawa, wanda ta sa wani direban babbar mota ɗan garinsu ya taho da buhu biyu daga arewa. Ta zuba a tukunyar da ta fi kowace girma ta dafa, ruwan ya fito ja-baƙi, mai kauri. Baba yana ganinsa ya miƙe daga zaune.

Ya ce, "Makuba ke nan. Rabona da ganinta tun ubana yana da rai. Mun daina sawa don ba a samu a nan."

Mma ta faɗi sunan abin da yarensu, Baba ya maimaita bai iya ba, ta gyara masa sau uku. Suka tsaya a kan tukunya suna gardamar ko da zafi ake shafawa ko sai ta huce, shi yana cewa haka Kanawa suke yi, ita tana cewa Kanawa maza ne, ba su san komai ba a nan. Ita ta ci.

Gindin bangon da ya ruɓe muka riƙa cirewa kamu ɗaya-ɗaya, ba a taɓa na gaba sai an cike na baya. A nan ne kaɗai ilimina ya yi rana: na jera duwatsu a ƙasa suka hau daidai, sannan aka ɗora sabon tubali a kai. Tubalin kuwa sai da Baba ya koya mini mulmulawa, don nawa na farko duk sun fito da kusurwa huɗu kamar bulo, Mma ta ce in kai Tema in sayar. Na kuma ƙara wa hular kwano tsawo ta yadda ruwa zai zuba nesa da bango, na gyara kwata ta janye shi zuwa titi.

Ranar yaɓe ba wanda ya bi ɗaki-ɗaki. Labarin jan alli ya riga ya zaga, mutane suka zo da kansu. Matan da ƙanwata ke yi wa ɗinki sun zo su fi goma, wasunsu 'yan arewa irin Mma, suka ɗaura tsofaffin zannuwa suka karɓe aikin daga hannun maza. Suna shafawa suna waƙa da yaren da ban sani ba, suna bi da sulɓaɓɓen dutse suna goge bangon har ya ɗauki sheƙi. Amaryar da leshinta ya ɓaci ita ce ta fi kowa tsokanata. Ni aka ba tattaka kwaɓi, na shiga har gwiwa, kuma abin mamaki ban mutu ba. Saman bango, inda tsofaffi suka yi shekaru ba sa kaiwa, ni na hau tsani na yi shi da hannuna. Bayan kwana uku aka yayyafa makuba sau biyu. Ciki kuma muka shafa farar ƙasa maimakon fenti, ɗakin ya yi haske fiye da da, kuma in ta tsufa sabuntawa ba wuya.

Tankas ya dawo a farkon Satumba kamar yadda ya ce. Ya zaga, ya ƙwanƙwasa da sandarsa tun daga wannan kusurwa har waccan, bangon yana amsawa da murya ɗaya, mai nauyi. Ya shiga ciki, ya ɗaga kai ya kalli bakan gizon da ƙwan lantarki a tsakiyarsa, ya cire hula ya tsaya yana shan sanyi. Ya tambayi wane birkila ne ya yi aikin. Kafin in buɗe baki ƙanwata ta nuna masa Mma, wadda ke can tana juya ƙosai a sabon teburin da na haɗa mata. Ya rubuta abin da zai rubuta, ya sayi ƙosai, kuma kafin ya tafi sai da ya tambayi ko ana ɗinka rigar 'yan makaranta.

Da yammacin ranar, bayan an rufe kekuna da ƙyalle, abokan Baba sun tafi, muka rage mu biyu a zauren. Wata tambaya ta daɗe tana cina, na ga in ban yi ta ranar ba, ba zan ƙara samun ƙarfin hali ba.

Na ce, "Baba, da Mma take gaya mini siminti zai ɓata bangon, kana ji. Ka san gaskiya ta faɗa?"

Ya ce, "Na sani. Tun ranar da ka sauke buhun farko na sani. Na ga an yi wa wani masallaci haka ina saurayi."

Na ji wani abu ya taso mini, rabi haushi rabi mamaki. Na ce, "To me ya sa ba ka hana ni ba? Da yanzu fa babu zauren."

Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Na yi ta tunanin in hana ka. Amma ɗana ne ya zo da ƙafarsa ya durƙusa ya ce zai gyara ɗakin ubana da hannunsa. Ban taɓa jin haka daga bakinka ba. Na ce in na ce a'a, ba za ka sake tambaya ba. Wallahi ko garin rogo ka ce za ka shafa masa, da na bar ka."

Na yi dariya. Na sunkuyar da kai ina kallon tsakuwar da ke gindin bango, don kada ya ga idona. Aka kira sallar magariba a masallacin layinmu. Ya miƙo mini hannu in tashe shi, abin da bai taɓa yi ba. Na kama, na ja da ƙarfin da na saba ɗaga buhun siminti, sai ya taso gaba ɗaya har ya kusa faɗowa jikina. Ashe Baba ba shi da nauyi ko kaɗan, ban san yaushe ya zama haka ba. Na riƙe hannun ban saki ba har muka isa ƙofar masallaci.